Wane sukudireba zan ajiye a gida? Na gaji da kwance noti da wuƙa

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema wajen masu sana'a. Jiya hannun tukunyar da nake dafa shinkafa ya yi lako-lako, na ɗauki wuƙar yanka albasa zan ɗaure notin, sai tsinin wuƙar ya ɓalle ya yi tsalle, saura ƙiris ya same ni a ido. Wuƙa ta biyu ke nan da na kashe a haka. Baban yara yana Fatakwal wajen aiki, sai ya yi wata biyu bai zo ba, kuma ba zan kira mai gyara a kan noti ɗaya ba, kuɗin adaidaitar da zai hau ma ya fi aikin. Sukudireba nake so guda ɗaya tak, irin wanda ake sauya wa baki, ƙarami da zai zauna a durowar kicin. Aikin ba wani mai yawa ba ne: hannun tukunya, murfin batirin motar wasan yara, hinjin kabad da ya saki, hannun ƙofa, sai kejin fanka idan zan wanke ta. Na taɓa sayen mai baki talatin da ɗayan nan da ke zuwa cikin 'yar roba, ko sati biyu bai yi ba. A Kano nake.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan da kika saya ai namu ne, na masu gyaran waya, ba na gida ba ne. Bakunansa ƙanana ne, kaurin gindinsu milimita 4, an yi su ne don notin waya da agogo da gilashin ido. Idan kika sa shi a notin ƙofa kamar kin ɗora wa ɗan akuya kayan jaki ne. Na gida gindin bakinsa ya fi kauri, milimita 6.35 ne, wato kwatan inci, mai kusurwa shida. Shi za ki nema.

Maman Iman: Ikon Allah. Ni da na ga bakunan da yawa na ɗauka na yi riba.

Ɗan Farm Centre: Haka kowa yake ɗauka. Cikin talatin da ɗayan nan akwai wanda har ki tsufa ba za ki ga notinsa ba. Akwai mai tsini biyar da ake kwance gindin iPhone da shi, me zai yi miki a kicin?

Mai Wayarin Kawo: Ni fa ban yarda da wannan sauye-sauyen bakin ba gaba ɗaya. Hajiya ki sayi guda biyu masu zaman kansu, sita ɗaya (mai bakin kuros) falat ɗaya (mai shimfiɗaɗɗen baki), ki huta. Shekara goma sha ina wayarin, duk mai sauya bakin da ya shiga jakata ƙarshensa ɗaya ne: baki ya faɗa cikin silin ko bayan kabad, a bar ka riƙe da ƙota kamar wanda aka ƙwace wa rake. Wanda aka ƙera da bakinsa a jiki ba ya ɓata sai dai a sace shi ɗungurungum.

Baba Kafinta: Malam mai wayarin, kai kana magana ne a matsayin wanda yake yini a kan tsani. Ita a ƙasa za ta yi aikinta, in baki ya faɗi ta sunkuya ta ɗauka. Kuma ka duba abin da ta lissafa da kyau. Notin motar yara ƙaramin sita ne, na hannun ƙofa da na tukunya babba ne. Sita ɗaya ba zai yi mata duka ba. In ta bi taka, guda huɗu za ta saya ba biyu ba, durowar ta cika.

'Yata, bari in gaya miki abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci. Sita lamba-lamba ne, kuma ana rubuta lambar a jikin bakin. PH2 shi ne na yawancin notin gida, da baƙin notin nan da muke ɗaura katako da shi. PH1 ya fi shi ƙanƙanta, shi ne na kayan lantarki da yawancin kayan wasan yara. PH0 na ƙananan abubuwa ne sosai. Abin da yake kashe noti a gidajenmu ba rashin ƙarfi ba ne, sa ƙaramin baki a babban noti ne. Zai shiga, har ki ga kamar ya zauna, amma tsininsa kaɗai ke taɓawa. Kina murɗawa yana zamewa yana gurzar kan notin, kafin ki ankara kuros ɗin ya koma rami. Daga nan ko ni aka kira sai na yi gumi. Kullum ki fara gwada babban, in ya ƙi shiga sannan ki sauko.

Anti Nas: Baba Allah ya ƙara girma. Wallahi abin da ya faru da hinjin wadirob ɗina ke nan, yanzu da igiya nake ɗaure ƙofar.

Mai Wayarin Kawo: Baba na ji, maganar lamba gaskiya ce. Amma akwai inda mai sauya baki ba ya shiga ko da kuɗinka. Wuyan da ke riƙe bakin yana da kauri. Ki juya gindin bilanda ko bayan fankar ƙasa ko akwatin ekstenshan ki gani, notin yana can cikin rami mai zurfi kuma siriri. Nan za ki tsaya kina leƙen noti yana leƙenki.

Baba Kafinta: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba zan musa ba. Maganinsa dogon baki guda ɗaya, mai tsawon milimita 50 ko fiye, irin wanda muke sa wa injin dirila. Gindinsu ɗaya ne, zai zauna a ƙotar tata.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan Najeriya. Mu nan turnabis muke ce masa, na daɗe ina karatu kafin in gane abin da kuke nufi da sukudireba. Ni ina da irin wanda ƙarfensa ake zarewa a juya, kowane gefe da baki mai kai biyu. Sita biyu, falat biyu, kuma idan ka zare bakin gaba ɗaya ramin bututun da kansa, ta kowane gefe, yana kwance ƙaramin noti mai kusurwa shida. Shida a ɗaya ke nan. A Katako na saye shi wata zuwa da na yi Yamai, yau shekara huɗu. Babu wani ƙaramin abu da zai zube maka a ƙasa, komai yana jiki.

Ɗan Farm Centre: Mutumin Maraɗi, irin naka yana da daɗi, amma ranar da sitan ya cinye ina za ka samo wani? Bakinsa mai kai biyu ba kowane shago ke da shi ba, kuma na wannan kamfani ba lallai ya shiga na wancan ba. Shi kuwa mai kwatan inci ko'ina ka je akwai, ɗaya-ɗaya ma ana sayarwa.

Ɗan Maraɗi: In ya cinye na sayi sabo. Shekara huɗu ai ya biya kuɗinsa.

Injiniyan Jamus: Jama'a ku ba ni dama in ƙara wani abu da ba a ambata ba, don shi ne ya fi cin notin kabad. Ba kowane kuros ne sita irin wanda muka sani ba. Iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Na farko Phillips, shi ne PH da Baba ya faɗa, sunan wani Ba'amurke ne, Henry Phillips, kuma kamfanin General Motors ya fara ɗaura motar Cadillac da shi a 1936. Na biyu Pozidriv, ana rubuta shi PZ, ya zo daga baya, a shekarun 1960, kuma shi ya fi yawa a kayan katako na Turai. Yadda za a gane shi: a dubi kan notin, bayan babban kuros ɗin akwai wasu 'yan siraran layuka huɗu a tsakankaninsa, kamar an zana tauraro. Haƙoran PH a karkace suke, suna tsukewa zuwa tsini, shi ya sa idan noti ya yi tauri bakin yake son hawowa waje. Na PZ a miƙe suke. In aka sa PH a notin PZ zai juya shi amma yana rawa, in aka sa PZ a notin PH kuwa ba ya zama har ƙasa, nan da nan ya lalata shi. Yawancin hinjin kabad na zamani mai lotsawa ciki, musamman wanda aka shigo da shi daga Turai, PZ2 yake so. Hajiya ki haska fitilar waya a kan notin hinjin naki ki duba.

Bakanike Mai Mashin: Injiniya ka tuna min. Mu ma muna da namu a tsofaffin mashinan Japan, noti mai ɗan ɗigo a gefen kuros ɗin. Shi ma ba sita ba ne sak, ma'aunin Japan ne. Yara masu koyo sun kashe min notin kafireto ba adadi kafin in gane ba laifin hannunsu ba ne kaɗai.

Mai Wayarin Kawo: To fa. Baiwar Allah ta tambayi abin ɗaure hannun tukunya, an kai ta Amurka an dawo da ita ta Japan.

Maman Iman: Ku bar su Malam, ina ƙaruwa. Injiniya na duba yanzu, wallahi akwai 'yan layukan nan a notin hinjin. Na hannun tukunyar kuma babu. Ashe shi ya sa.

Injiniyan Jamus: To kin gani. Ki tabbata akwai PZ2 a cikin wanda za ki saya, ko ki saye shi daban. Da PH1, PH2, PZ2 da falat biyu, ƙarami da matsakaici, kin gama da kusan duk abin da kika lissafa. In an haɗa miki da mai tsini shida da ake kira Torx ba laifi, yana fitowa a wasu kayan lantarki da motoci, amma kada ki ƙara kuɗi saboda shi.

Alhajin Sabon Gari: Ni ɗan kasuwa ne, kayan nan nake sayarwa, bari in faɗi yadda abin yake ta ɓangarenmu. Masu saye kashi biyu ne. Mai sana'a in ya zo bakin yake dubawa. Mai gida in ya zo ƙirga bakuna yake yi, ya ga wanne ya fi yawa da kyan kwali. Mu kuma abin da ake nema shi muke kawowa. Za ki ga an rubuta CR-V ko S2 a jiki, sunan irin ƙarfen ne, kuma S2 na gaske ya fi tauri, shi aka fi yin bakuna da shi. Amma rubutu ba wuya gare shi ba, kowa zai iya bugawa. Abin da nake ba ki shawara Hajiya, ki kwanto noti ɗaya daga gida ki taho da shi a jaka. Ki ɗora shi a kan bakin a gaban mai shagon. In ya zauna daram, kika girgiza da yatsa ba ya rawa, to bakin an yanka shi daidai. In yana lilo ki ajiye masa kayansa komai kyan ƙotar. Sannan ki sa bakin a wuyan ki ja da yatsu biyu. Mai kyau sai kin ɗan yi ƙoƙari zai fito, ko maganaɗisu ne ke riƙe shi ko 'yar ƙwallon ƙarfe. Wanda yake zarewa da kansa shi ne wanda mai wayarin yake kuka da shi.

Baban Khalifa: Alhaji wane kamfani za ka ce a saya? Ni na ji ana yabon Wera da Wiha na Jamus.

Alhajin Sabon Gari: Suna da kyau ƙwarai, babu musu, amma kuɗinsu ba na mai ɗaure hannun tukunya ba ne, kuma ba ko'ina za ka same su ba. Stanley sananne ne tun da daɗewa. Ingco da Total su suka cika kasuwa yanzu, masu sana'a da yawa da su suke aiki. Ni dai ba na rantsuwa a kan suna, don duk sunan da ya yi kasuwa sai an yi masa jabu. Gwajin notin nan ya fi min kwali.

Baban Khalifa: Ni nawa mai racet ne, irin wanda kake murɗawa yana ƙaras-ƙaras ba sai ka ɗaga hannu ba. Tun da na saye shi ban koma wa wani ba.

Baba Kafinta: Yana da daɗi in noti ashirin za ka ɗaura a jere. Amma ka sani duk abin da ke da haƙora a ciki yana da ranar mutuwa, kuma na araha haƙoran ne ke fara tafiya. Ranar da ya fara juyawa a banza shi ke nan. Ga nauyi, ga kauri. Ita da za ta ɗaure noti biyu a wata, me za ta yi da shi? Gara ta sa kuɗin a ƙota mai cika hannu wadda ba ta zamewa in hannu da maiƙo, tunda a kicin zai zauna.

Hajiyar Zariya: Ni tambayata daban. Ba ga testa ba? Ni da ita nake komai, har soket na taɓa canzawa.

Mai Wayarin Kawo: Hajiya don girman Allah ki daina. Nan ne zan yi magana da babbar murya, sauran duk ra'ayi ne, wannan kuwa rai ne. Testa ba sukudireban aiki ba ce, bakinta siriri ne, kina matsa mata za ta murɗe ko robar ta fashe. Kuma 'yar fitilar cikinta ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari, a cikin hasken rana ma da ƙyar ake ganinta. Shi kuma mai sauya bakin da ake ta magana, ƙarfensa tsirara ne tun daga baki har ƙota. Wanda aka yi don aikin wuta daban yake, an lulluɓe ƙarfen da roba har kusa da tsini, an buga masa 1000V da alamar alwatika biyu a jiki. Wutar gidajenmu 230 ce, ta isa ta kashe mutum.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu cewa ai an ɗauke wuta bari in yi sauri. Wa ya gaya miki ƙarfe nawa za a dawo da ita? Ba sa sallama. Ga gidajen da ke da sola da inbata, layin yana da wuta ko unguwa duk duhu. Wani yaron kuma ya je ya tayar da janareto bai san kina riƙe da waya ba. In dai za a buɗe soket ko makunni, a kashe daga babban akwatin gidan, a zare fis ɗin a sa a aljihu. In ba a san yadda ake yi ba a kira mu. Fanka da bilanda da dutsen guga kuwa, a zare filogi daga bango kafin a taɓa noti.

Hajiyar Zariya: To Malam na ji, Allah ya kiyaye gaba. Amma ku ma ku riƙa zuwa in an kira ku, ba sai an yi kwana uku ana jiranku ba.

Mai Wayarin Kawo: Wannan kuma kin kama ni.

Anti Nas: Tunda an zo maganar rai, Maman Iman, murfin batirin kayan wasan nan da kika ambata, ki riƙa mayar da notinsa duk lokacin da kika canza batir. Ba ado ba ne, an sa shi ne don kada yaro ya buɗe. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin 'yan awoyi yake ƙona wurin. Mu a asibiti ba ma wasa da shi. Mutane da yawa in notin ya ba su wahala sai su yar, su naɗe da salatif.

Maman Iman: Innalillahi. Anti wallahi akwai guda ɗaya da na yi wa haka. Yanzu zan ɗauke ta daga hannunsu.

Baba Kafinta: 'Yata, saura hinjin kabad ɗin. In kika ɗaure notin kika ji yana ta juyawa ba ya kamawa, ba laifin sukudireba ba ne, ramin ne ya buɗe. Katakon kabad na yanzu garin katako ne aka matse, ba ya jure a kwance a ɗaura. Ki cire notin, ki tsoma tsinken ashana biyu ko uku a farin gam ɗin kafintoci, ki cusa a ramin, ki karye abin da ya yi saura, ki bar shi ya kwana. Washegari ki mayar. Kuma in kina kwance noti mai tauri, dannawa ta fi murɗawa yawa, ki sa nauyin jikinki a kai. Dama ɗaurewa, hagu kwancewa. Sai dai murfin tsakiyar farfelar fankar ƙasa, shi yawanci a juye yake, kada ki yi ta kokawa da shi har ki fasa.

Bakanike Mai Mashin: In kan notin ya fara shafewa, ki shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kai sannan ki danna bakin a bisanta. Wani lokaci tana ceto. Da damina kuma ki ɗan shafa wa bakunan man keken ɗinki, tsatsa ba ta da kunya.

Baban Khalifa: Duk kun manta babban maƙiyin sukudireba. Ba tsatsa ba ce, maƙwabci ne. "Wai in ji Babana a ba shi aron sukudireba." Nawa na farko tun bikin sunan Khalifa ya fita, yanzu Khalifa yana aji uku.

Ɗan Maraɗi: Wannan cuta har nan ta ƙetaro, ba ta neman biza.

Hajiyar Zariya: Ni dabarata biyu nake ajiyewa. Na aro yana kan taga, na gaske yana cikin kwallar da ba mai buɗewa sai ni.

Maman Iman: Jama'a na dawo da rahoto. Yau da safe na shiga Sabon Gari da notina biyu a ƙullin leda kamar yadda Alhaji ya ce. Yaron shagon farko dariya ya yi ta yi, wai bai taɓa ganin mace ta zo da notinta ba. Na gwada uku a wurinsa duk suna rawa, na wuce. A shago na uku na samu wani gajere, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, bakuna shida suna zama a cikin ƙotar, ana murɗe murfi a rufe su. PZ2 babu a ciki, na saye shi daban tare da dogon PH2 ɗin da Baba ya ce. Hannun tukunya ya ɗauru, hannun ƙofa ya ɗauru, motar yara na samo mata noti na mayar. Hinji na cusa masa ashana yana jiran gobe.

Amma Malam mai wayarin, maganarka ta fito. Na juya bilanda zan duba abin da ke ƙara a ciki, gajeren bakin bai kai ba, dogon kuma ya kai amma notin PH1 ne.

Mai Wayarin Kawo: Ban ce komai ba. Ki dai zare filogin. Siririn PH1 mai zaman kansa guda ɗaya za ki ƙara, ba shi da tsada.

Baba Kafinta: Ko dogon baki na PH1.

Mai Wayarin Kawo: Baba ka bar min wannan ɗayan mana.

Maman Iman: Duk wanda na fara samu. Yanzu ma ga yaron maƙwabta nan a ƙofa, wai mamansa ta ji ina gyare-gyare.